Ruwan Kwana Arba'in

Salcia, 20 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Sanda,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin 'yar autarki? Mu nan lafiya, sai sanyi.

Na karanta takardarki har sau uku. Kin ce in bar ɗibar ruwan nan saboda gwiwata. Sanda, ba zan bari ba. Shekara arba'in da ɗaya ni ce mai miƙa wa babanki ruwa. Yanzu da ya rasu yana kan hanya, kwana arba'in ne zai gagare ni? Kowace safiya nakan ja ruwa a rijiya in kai wa maƙwabta, su sha su ce Allah ya kai wa Ilarie. Uwata ta ce duk ranar da aka tsallake, da ƙishirwa mamacin yake wuni. Ke kin yi karatu, kina iya dariya. Ni dai ba zan bar shi da ƙishi ba.

Yau kwana ashirin da tara. Tsohuwa Safta sai tsokanata take yi, wai, “Ke Tudora, mutumin da ba ya kallon ruwa in akwai giya, shi kike wa wannan wahala?” Amma tana shanyewa tas.

Ki shafa min kan yara.

Mahaifiyarki,
Tudora


Salcia, 4 ga Fabrairu

'Yata Sanda,

Gaisuwa da fatan alheri. Na san kin ji labarinmu a rediyo hankalinki ya tashi. Ki kwantar da shi, ina raye, kaji biyu kawai na rasa.

Iskar gabas ta taso ran kwana talatin da takwas da rana, na riga na kai ruwa. Washegari na buɗe ƙofa na tarar da bango fari, dusar ƙanƙara har saman ƙofa. Ta tagar baya na fita da bokiti. Ban ga rijiya ba, ban ga shinge ba, ko hannuna da ƙyar nake gani. Taku huɗu na yi na nutse har ƙugu, gwiwar ta ƙi. Da rarrafe na dawo.

Na ɗebi ƙanƙara ta taga, na narkar a tukunya, na cika bokiti. To wa zan ba? In ba wani na waje ya sha ba, bai kai wa mamacin ba. Na zauna ni da bokitin muna kallon juna. Ban yi kuka sosai ran jana'iza ba, Sanda. A ranar na yi. Na ce masa, Ilarie, ka yi haƙuri, saura kwana ɗaya na kasa.

Wajen ƙarfe uku na rana aka buga taga. Costache ne, maƙwabcinmu na baya. Kin san shekara goma sha ɗaya ba sa magana da babanki, tun rigimar itacen nan na kan iyaka. Ko jana'iza bai zo ba. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ɗaya bakin a shingensa, gemunsa duk ya daskare. Bai gaishe ni ba. Ya zaro kofi daga aljihu ya miƙo.

“Zuba min. Ƙishirwa nake ji.”

Na ce, “A wannan sanyin?”

“Ina ruwanki da maƙogwarona? Zuba!”

Na zuba. Ya shanye, ya yamutsa fuska. “Warin hayaki yake. Allah ya kai wa Ilarie, mai taurin kan nan. Zai yi mita, amma zai sha.”

Na tambaye shi yadda ya san kwanakin. Ya ce, “Kullum kina wucewa ta tagata kamar agwagwa. Ƙidaya ce za ta gagare ni?” Na ce ya shigo ya ji ɗumi, ya ce shi ba ya shiga gidan ɓarayin iyaka. Ya kama igiyarsa ya koma.

Da safe iska ta kwanta, maza suka haƙa mana hanya zuwa rijiya. Ruwan ranar arba'in gidan Costache na kai. Ya cire hularsa tukuna, sannan ya karɓa.

Babanki bai wuni da ƙishi ba ko sau ɗaya. Yanzu zan huta da gwiwar, kamar yadda kika ce.

Allah ya tsare min ku.

Mahaifiyarki,
Tudora