Zare a Kan Taswira

Yau Laraba. Kumburin ƙafa ya ragu, numfashi ma da sauƙi, alhamdu lillahi.

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikoki, yaya gwiwar maigidanki? Ni lafiya lau nake, ɗakin ne kawai ya cika shiru.

Albishirinki! Jiya na roƙi likita ya bar ni in zo gida. Ya ce, "Baba, zuciyarka ba ta son doguwar tafiya. Yaya nisan wurin yake?" Sai na tsinko zare daga bakin rigata, na nufi taswirar da ke bangon ofishinsa. Na bi hanyar mota da zaren, kwana bayan kwana, yadda aka koya mana a elementare. Zare ya ƙare ban iso ba.

Likita ya kwashe da dariya. "Haba Baba, ai jirgin sama ba ya shan kwana!" Ya miƙe zaren daga birnin nan zuwa namu, har da saura a hannunsa. Wai in na karya kumallo a nan, a wurinku zan yi azahar. Ya yarda, muddin akwai mai raka ni.

Ki sa a share mini ɗakina. Gishiri kuwa an hana ni, kada ki ce ban faɗa ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki.

Ƙarin bayani: babban ɗana ne zai raka ni, ya ce yau zai zo mu sa rana. Na goge takalmana, na zauna jiransa. Ga shi an yi magariba, bai zo ba.