Babi na Ashirin da Aka Yanke

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Hukumar Wadata Karkara da Littattafai,
Babban Ofishi, Hawa na Biyu.

Daga:
Babbar 'yar mai fassara, a madadin mahaifinta,
Gida na 14, Layin Bayan Asibiti.

11 ga Maris, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: YANKE BABIN ƘARSHE NA LITTAFIN "JINI A MASUSSUKA" BA DA SANIN MAI FASSARA BA

Bayan gaisuwar ban girma, ina rubuto wannan ƙorafi a madadin mahaifina, tsohon malamin makaranta, wanda ya fassara wa Hukumarku littafin da aka ambata a sama. Ya so ya rubuto da hannunsa, amma likita ya hana shi dogon rubutu tun da aka yi masa aikin ido, ni kuma na hana shi zuwa ofishinku a halin da zuciyarsa take ciki.

1. Littafin labari ne na wata ƙasa mai nisa, fiye da shekara ɗari da suka wuce. An tsinci gawar wani mai gona a masussuka, aka kama ɗan ƙodagonsa don kawai an ga laujensa a wurin, aka rataye shi a babi na goma sha tara. A babi na ashirin, magatakardan kotun, bayan ya tsufa, ya koma ƙauyen, ya gano wakilin gonar ne ya yi kisan, ya rubuta gaskiya a littafin kotu, ya karanta ta a tsakiyar kasuwa. Saboda wannan babin aka rubuta sauran goma sha taran. Na yi wannan bayani ne domin bisa ga dukkan alamu babu wanda ya karanta littafin a Hukumar da ta buga shi.

2. Shekara uku Baba ya yi yana wannan aiki a kan teburin cin abincinmu, da ƙamus biyu da gilashin ƙara girman rubutu. Ranar 3 ga Yuli, 2023, ya miƙa babi ashirin cif ga editanku, aka ba shi takardar shaida mai hatimi. Tana haɗe da wannan wasiƙa.

3. Ba na son tona asirin gidanmu a takardar hukuma, amma an tilasta mini. Shekara arba'in da shida da suka wuce, wuta ta cinye rumbuna bakwai a ƙauyenmu. Aka ɗora wa Baffana, yayan Baba, don an ga sawun takalminsa a hanyar da kowa yake bi zuwa rijiya. Ya rasu a gidan yari a shekararsa ta huɗu. Wanda ya sa wutar ya amsa laifinsa yana kan gadon mutuwa, a gaban mutum uku, amma ba wanda ya rubuta, kuma su ukun duk sun bi shi. Har yau akwai masu kiran jikokin Baffa jikokin mai ashana. Baba ya zaɓi wannan littafi ne domin a cikinsa an sami wanda ya rubuta. A shafin farko ya sadaukar da fassarar ga yayansa.

4. Ranar 20 ga Nuwamba aka kawo mana kwafin farko, kwana uku bayan aikin idon, fuskar Baba tana naɗe da bandeji. Ya shafa bangon, ya shaƙi ƙamshin sabuwar takarda, ya yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba. Bai kawo a ransa cewa Hukumar da ta buga masa hatimi tana buƙatar a bi bayanta a ƙirga mata babi ba. Ya aika da kwafi talatin zuwa ajin manya na ƙauyenmu, inda malamin ajin ya riƙa karanta musu babi biyu kowane mako.

5. Ranar 10 ga Fabrairu, 2024, ranar zaman ƙarshe, na kai Baba ƙauyen da kaina. Aji ya cika har da na leƙe ta taga. Baba ya sa aka ɗauko Iya, matar marigayi Baffa, mai shekara tamanin da ɗaya, aka zaunar da ita a kujerar gaba, domin ya yi mata alkawarin za ta ji abin da zai sanyaya mata rai. Malamin ya karanta yadda aka rataye ɗan ƙodago, alƙali ya hau dokinsa ya tafi, sai malamin ya rufe littafi. Baba ya ce ya ci gaba. Malamin ya juyo masa da shafin, ga kalmar "Ƙarshe" an buga ta da manyan baƙaƙe, kalmar da Baba bai taɓa rubutawa a wurin ba. Wani dattijo a baya ya ce ashe ko a ƙasar wasu mai laifi ba ya tsira, wasu suka gyaɗa kai suna satar kallon Iya. Ranka ya daɗe, ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga mutane suna karɓar mugun labari iri-iri, amma ban taɓa ganin fuska ta faɗa kamar ta mahaifina a wannan yammacin ba. Iya kuwa sandarta kawai ta nema.

6. Ranar 12 ga Fabrairu na je maɗaba'arku. Shugaban sashen ɗab'i ya yi mini bayani yana shan shayi. Wai injinsu yana buga shafi goma sha shida a kan babban falle ɗaya, a ninke a yanka. Littafin Baba ya cika falle goma sha shida, ya yi rarar shafi goma sha ɗaya. Maimakon a ɗora falle na goma sha bakwai, sai shi shugaban ya duba ya ga an riga an kama mai laifi an rataye, ya yanke hukunci cewa abin da ya saura surutu ne. Ya ƙara da cewa haka suka saba yi, kuma ba wanda ya taɓa kuka. Da na gaya masa wanda aka rataye ɗin ba shi da laifi, sai ya tambaye ni ko na tabbata. Wallahi darajar tarbiyyar da aka yi mini ce kawai ta fitar da ni daga ɗakin nan lafiya.

7. Na rubuta wa edita ranar 14 ga Fabrairu, na sake ranar 28. An yi kunnen uwar shegu da ni. Da na je da ƙafata aka ce yana taro, alhali ina hango takalmansa ta ƙarƙashin ƙofa.

8. Baba ya koma wurin Iya da babin na rubutun hannu, aka karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce rubutun hannu kowa yana iya yi, takardar da ta ɗaure mijinta da inji aka buga ta, kuma abin da inji ya buga shi mutane suke yarda da shi. Tun makon jiya take kwance, abinci ma sai an lallashe ta.

9. Na samu labari cewa ranar 25 ga Maris za a sake buga kwafi dubu takwas don ɗakunan karatu na karkara, a yadda littafin yake. Wato Hukumar da aka kafa don wayar da kan mutanen ƙauye za ta bi su gida-gida tana koya musu cewa duk wanda aka kama shi ne ɓarawo.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Darakta ya ba da umarni:

(a) a dakatar da bugun ranar 25 ga wata har sai an mayar da babi na ashirin;
(b) a janye kwafin da aka riga aka raba;
(c) a buga babin shi kaɗai cikin wannan mako, da hatimin Hukuma a kansa, a tura jami'i ya karanta shi a ajin manya na ƙauyenmu, a gaban waɗanda suka gyaɗa kai. Falle ɗaya ne, har da ragowar shafi biyar, waɗanda za su ishi Hukuma ta ba da haƙuri.

Ba ma neman a kori kowa. Muna neman a yi sauri ne, domin Iya ba za ta jira zaman kwamiti ba.

Wannan takarda shafi uku ce, na sa wa kowanne lamba. Baba ya ƙi sa hannu a na farko, ya ce sai a ƙasan na ƙarshe, don ya san ko an karanta har nan.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Darakta lafiya da adalci.

Naku cikin girmamawa,

(sa hannu)
Babbar 'yar mai fassara

(sa hannu)
Mai fassara, ƙanen marigayi