Kawu Ya Ga Ramukan Wata

Daren Alhamis, takwas ga wata, Madadi.

Tun da aka fara zancen Shari'a ake gulmar wai duba irin na bokaye nake yi da madubin hangen nesan da na saya a gwanjo. Bayan isha'i Kawu Sule, yayan Inna, ya shigo tsakar gida ransa a ɓace.

"Habu, so kake ka ja mana abin kunya? Miƙo shi!"

Na ce, "Kawu, don Allah leƙa wata tukuna."

Ya leƙa. Can ya ce, "Subhanallahi! Ashe ramuka ne a jikinsa?"

Da kansa ya ƙwala wa matan gida kira, aka yi layi har da Inna. Ya dai tafi da madubin, amma wai liman zai nuna wa ramukan gobe.