Takardar da Na'urarku Ta Ba Maki Tara

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikata. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da kika sani. Yayanki ya leƙo ranar Laraba, ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ya tambaye ni ko ina bukatar wani abu. Na ce a'a, shi kuma ya yarda. Famfon kicin har yanzu yana ɗiga. In gidan ya yi tsit da rana, shi kaɗai nake ji.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekara guda ke nan kina turo min takardun wurin aikinku, waɗanda ake rubuta wa na'urar nan mai aiki da kanta don ta san yadda za ta yi amfani da kowane kayan aiki da aka ba ta. Ke kika ce min aikinki shi ne ki duba ko bayanin ya fito sarai ko bai fito ba. Kika ce na'urar kamar sabon ma'aikaci take wanda ba shi da damar tambayar kowa, don haka in Mama ta karanta ta gane ba tare da tambaya ba, ita ma za ta gane. Mai shagon kwamfuta ya buga min su, in zauna a teburin marigayi babanki in karanta, ranar Asabar ki kira mu bi su layi-layi. Har faɗa muke yi a kan jimla ɗaya. Sai ga shi makon jiya kin ce an kawo wata na'urar da ke duba takardun ta ba su maki cikin minti guda, wai in huta. Kina faɗa kina dariya. Yaushe na ce miki na gaji?

To, takarda ta ƙarshe da kika turo, wadda kika ce sabuwar na'urar ta ba ta tara bisa goma, na karanta ta sau uku. Ta kayan aikin da ke tura wa tsofaffi saƙon ranar ganin likita ce. An faɗi yadda za a sa lambar waya, an faɗi tsawon saƙo, an ce da saƙo ya tafi a rubuta an gama. Shi ke nan. Babu layi ko ɗaya da ya ce ga abin da za a yi in mutum bai amsa ba. Na kai wa telan da ke ƙasan bene na karanta masa. Ya buɗe durowa ya nuna min wayarsa a kashe, ya ce tun da idonsa ya yi rauni bai sake karanta saƙo ba, ai kuwa shi na'urarku za ta daɗe da gamawa da shi. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Shekara ashirin da shida na yi a ɗakin kati na asibiti. Wanda ya zo ba shi ne abin damuwa ba. Katin da aka fito da shi da safe har aka tashi babu mai shi, shi nake warewa gefe. Akwai wata tsohuwa mai ciwon sukari da katinta ya kwana biyu a gabana. Na matsa wa direban asibiti har ya je gidan, ya same ta a ƙasa, ba ta iya miƙewa. Babu wanda ya rubuta min in yi haka, ni na san ta, na san ba ta fashi. Na'urarku ba ta san kowa ba, sai abin da kuka rubuta mata. In ba ku ce ta kira mutum a waya ba, ko ta sanar da ma'aikaciyar jinya, ba za ta yi ba, kuma alhakin a wuyanki yake, tunda ke kike sa hannu. Ban yi tarbiyyarki don ki sa hannu a abin da ba ki karanta da idonki ba. Ni huɗu na ba takardar, shi ma don rubutun yana da tsabta.

Ban ce ku kore sabuwar na'urar ba, kuma ba roƙo nake ba. Amma ki ci gaba da turo min waɗanda ta riga ta wuce da su, in bi bayanta. In kuma an hana ki fitar da su, ki faɗa min gaskiya, kada ki ce min in huta. Hutu ya yi min yawa a gidan nan, Auta. Tun da muka fara wannan aiki ne kike daɗewa a waya da ni, kuma na san kin sani.

Ki gaida maigidanki. Ki ce wa jikata in ta sake karɓe waya ta kashe ina magana, na fasa kishiya da ita, na koma malamarta. Gwaggonki tana gaishe ki, tela ma ya ce a gyara takardar tun yana da rai.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare min ke.

Ni ce,
Mahaifiyarki