Furen da Kika Ɓoye Cikin Dami

Funtua, Oktoba 1983

Zuwa ga Shafa'atu ta Maska, sanyin idona, zuman farar saƙa, inuwar ɗorawata ranar da zafi ya kai zafi! Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Gwaggo.

Tun ranar gayyar nan ban dawo daidai ba. Kin tuna? Gari ya fito da lauje, ba don ko sisi ba, ana yanke ciyawar fadama don kada gobarar daji ta lashe ƙananan ɗorawa da kaɗanya da aka dasa bara. Ni kuwa Sikiru, ɗan mai yadi, wanda bai taɓa riƙe abin da ya wuce almakashi ba, na hau babur na zo da farar riga kamar mai zuwa suna. Ciyawa ce ta kawo ni? Ke ma kin san amsa!

Ina can ina kallon ki kina sauke ƙwaryar fura lokacin da mahaifinki, Malam Ummaru, yake gargaɗin a bar furanni tsaye saboda ƙudan zuman amyoyinsa, sai sun zubar da iri. Wallahi ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena ba, sai daga baya na ji labari. Na zaɓi mafi kyawunsu, masu rawaya ɗin nan, na share su tas, na miƙo miki ina washe baki. Wayyo ni! Kika zaro ido, kika fizge, kika cusa su tsakiyar damin ciyawa, kika aza a ka, kika wuce ta gaban Malam kina danne dariya har damin na rawa. Wace ce za ta rufa wa sakarai asiri haka, in ba mai son sa ba?

Yanzu an ce Malam ya rantse ba zai saurari manyana ba sai ya duba tafin hannuna a gayyar ran Asabar. Shafa'atu, in ya juya mini baya, ina zan sa kaina? Tsoro nake ji, ba na ɓoye miki. Shi ya sa kullum da asuba nake bayan layin dogo da laujen aro. Awakin unguwarmu duk sun yi ƙiba, Iya tana tambaya ko na bar shago na koma kiwo. Hannun ya yi bororo, ya fashe, ga shi ya fara kanta, har biro ma da ƙyar nake riƙewa.

Ki kawo fura ran Asabar, ki tsaya inda zan hango ki, amma daga nesa, kada in sake ɓarna. Na yi alkawari duk furen da na tarar zan bar shi tsaye inda Allah ya tsiro da shi. Ɗaya tak nake so in kai Funtua, shi ma ba zan taɓa ba sai Malam ya miƙo mini da hannunsa.

Naki har ƙarshen numfashi,
Sikiru