Ko Jawabi Ko Musaya

Agege, Legas.

Zuwa ga ƙanena Lado,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ragunan da suka mai da kai Alhaji. Na ga kiranka, da gangan na ƙi ɗauka. A waya kana danne ni da murya, shi ya sa na ɗauki biro, don nan kaɗai ya rage inda na fi ka.

Saƙonka ya iso cewa ni zan yi jawabi ranar buɗe rijiyar burtsatsen da ka haƙa wa unguwa, tunda ni ne malamin makaranta a gidanmu. Ba zan yi ba.

Ka tuna ranar da ka zo gaida Inna ka tarar ina shirya darasin tattalin arziki? Na ba ka labarin wani masani cikin Girkawan dā da ake yi wa gorin talauci. Ya hango zaitun zai yi albarka, sai ya kama hayar duk wuraren matsar mai tun babu mai nemansu. Da kaka ta yi, kowa ya dawo hannunsa. Kana ta hamma kana cin tuwona, ashe kunnenka a buɗe yake. Ka lura Babbar Sallah za ta faɗo cikin damina, ka bi kasuwar dabbobi ta Alaba Rago ka kame rumfuna masu rufin kwano. Duk wanda ya sauke raguna daga Arewa, ko ya neme ka ko dabbobinsa su jiƙe sharkaf.

Yanzu kai ne mai hangen nesa, ni kuwa ina nan ina matsuwa a motar haya ta danfo, alli ya cinye min hannun riga. Ko sau ɗaya ba ka ce Yayana ne ya faɗa min ba. Jiya Inna take gaya wa maƙwabta wai tun kana goye kake da basira. A ɗakina ta faɗa, da kofin shayina a hannunta. Ƙyashi nake ji, ba zan ɓoye ba. Ka nemi wani ya yabe ka.

Ka gaida mutanen gida.
Yayanka, Ɗayyabu.

*

Alaba Rago.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, a gaida min Inna da Anti Radiyya. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda na tsaya a boko.

Gaskiyarka, labarinka ne. Amma shekara da shekaru kana ba 'yan makaranta shi, wa ya riƙe maka hannu? Ni okadana, babur ɗin da nake haya da shi, na sayar na zuba, da damina ta yi jinkiri da yanzu dako nake yi a Mushin.

Sannan ranar ba labari ɗaya ka ba ni ba. Ka ce a birnin Atina, in an ɗora wa mai hali aikin gari, ya ga akwai wanda ya fi shi, sai ya ce masa ko ka ɗauki aikin, ko mu yi musayar dukiya baki ɗaya. To mu ma mu yi, tunda kana ganin na fi ka. Ko ka yi jawabin, ko ka karɓi rumfuna da mota da gidana na Iyana Ipaja, ni ka bar min ɗakunanka na Agege yadda suke. Kowa ya tafi da matarsa da 'ya'yansa. Ba wasa nake yi ba, Yaya.

Na bar ka lafiya.
Lado.

*

Agege.

Lado,

Salama da gaisuwa. Ka murɗe dokar mutanen Atina kamar wuyan kaza, ba haka na koya maka ba. Amma na yarda da musayar, kuma kada ka zo kana kuka daga baya. Za ka gaji fankar da ba ta juyawa sai an tura ta da tsintsiya, da littattafan da gara ta riga ka karantawa, da mai gidan haya da ke buga ƙofa yana kiran "Oga Ticha" tun wata bai mutu ba. Radiyya ta ce na haukace. Na ce mata ta fara ɗaure kaya.

Aiko da makullai.
Ɗayyabu.

*

Mushin.

Yaya Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, duk da abin da zan faɗa babu daɗi. Ku biyu kun mai da ni 'yar aike, kowa ya ba ni takarda ya ce kada in karanta, ni kuma duk na karanta.

Da dukan karatunka, ba ka tambayi kanka me Lado zai yi da fankarka ba? Kana zaton Inna za ta bi ka Iyana Ipaja? Ɗaki guda ya gina mata a can, har da na'urar sanyi. Ta kwana, gari na wayewa ta naɗe sallayarta ta ce a mai da ita Agege, ba ta barin ɗakin da Baba ya cika a ciki. Duk mai ɗakunan nan, shi ne da Inna.

Kai kana jin abin da take faɗa a kan Lado. Ba ka jin abin da take faɗa masa. In ya zo, a kwanon baƙi ake zuba masa abinci, hirar kuma duk taka ce: Ɗayyabu ya ce, Ɗayyabu ya hana. Magani ba ta karɓa sai daga hannunka. Wata Juma'a ya ɗauki abin yanke farce zai gyara mata, ta janye hannu ta ce a bari sai ka dawo. A motarsa na same shi yana hawaye, ƙato da shi. Kishinka yake yi tun kafin ka fara nasa.

Da gaske yake, ya riga ya nemi lauya. Na gaya wa Inna komai. Ta dubi yatsunta, sannan ta ce, "To shi Ɗayyabun zai riƙa zuwa, ko shi ma zai zama mai aiko da saƙo?"

Sauran ya rage naka. Allah ya shirye ku.
Ƙanwarka, Mastura.

*

Agege.

Lado,

Assalamu alaikum. Riƙe makullanka, na fasa. Zan yi jawabin. Zan tsaya gaban unguwa in ce kana da hangen nesa, ko da zai ƙona min maƙogwaro, don na ga ka hango abin da ni da ke kwana kusa da shi ban gani ba.

Ka zo Juma'a bayan masallaci. Na roƙi Inna, ta yarda ka yanke mata farce. Hannu ɗaya, na hagu. Na dama nawa ne.

Wassalam.
Yayanka, Ɗayyabu.