Na'urori Uku da Suka Yi Shiru

Litinin, 13 ga Maris, 2023
Shekara goma sha huɗu ina riƙe da kwamfutocin kamfanin nan na ajiyar iri, yau Mista Latif manaja ya ce Najat ce shugabar sashe. Yarinyar da aka haifa shekarar da na gama jami'a. Rumbuna goma sha biyu gare mu a karkara, kowanne da na'urar da ke auna zafin ɗaki ta turo rikodi ofishinmu na Lamashegu. Ni na kafa su duka, a kan babur. Ko sannu.

Alhamis, 16 ga Maris
Wai tsarin da na rubuta wa manhajar tattara rikodi tsohon yayi ne. Za ta sake rubuta shi da sabon salo, ta bar wa kwamfutar ofis ta tura fayil ɗaya ga na'urorin duka da kanta. Ba sauran zuwa ƙauye. "Baba Sheriff, ka huta ke nan." Hutu!

Juma'a, 17 ga Maris
Na karanta nata. Tsaf, kowane layi da bayaninsa. Abin ya ƙara min haushi.
Sai dai na'urorin Tolon da Kumbungu da Savelugu tsohuwar manhaja ce a cikinsu, ba ta san sabon salon ba. Tana ganin fayil ɗin za ta mace. Kuma ita ce mai kawo labarin duk abin da ya lalace, in ta mace wa zai kawo nata? A takarda an rubuta an sabunta su. Ni na rubuta, shekarar da ruwa ya cinye hanya. Ban je ba.

Laraba, 22 ga Maris
Ta kawo min koko da ƙosai. "Baba, duka goma sha biyun iri ɗaya ne ko? Akwai abin da ban sani ba?" Na ce ai ke ce mai sabon digiri, duba takarda. Ta duba. Ta danna, fayil ɗin ya tafi na'urorin duka.
Na shanye kokon tas.

Laraba, 29 ga Maris
Azumi, ga zafi. Allo bai nuna matsala ko ɗaya daga rumbunan uku ba. Latif har da tafi: "Chale, abokina, ga aiki! Ko kuka ɗaya babu." Gawa ma ai ba ta kuka, sakarai.

Laraba, 5 ga Afrilu
Injin sanyaya rumbun Tolon ya mutu, ba wanda ya san tun yaushe. Mai gadi ne ya ji wari. Masu duba ingancin iri sun nemi rikodin zafi, babu. Sun ce ba rikodi, ba hatimi.

Alhamis, 6 ga Afrilu
Taro. Latif ya yi mata tas a gaban har direbobi. Ta ce, "Laifina ne, ban gwada kowace na'ura ba." Tana ta murza bakin mayafi. An tambaye ni, na ce yaran yanzu sauri gare su.
Na ji daɗi. Na rubuta nan don kada gobe in musa.

Talata, 11 ga Afrilu
An sallame ta, an ba ni kujerar. A cikin aljihun teburin na tarar da takardar nan tawa, ta ja layi ƙarƙashin sa hannuna. A gefe ta rubuta: "Baba, ka je ka sabunta ukun nan kafin damina." Ranar da ta sa a ƙasa, Laraba ce, 5 ga Afrilu. Kafin taron ke nan.

Juma'a, 14 ga Afrilu
Na je Tolon, na sabunta na'urar. Ina iya mayar da tsohon tsarina ko'ina, minti biyar ne. Na bar nata. Ya fi sauƙin karantawa, shi ke nan dalili. Sunanta yana saman fayil ɗin, ban goge ba.
Mma Adiza, shugabar matan da suka ba mu ajiya, ta tare ni a ƙofar rumbu. "Malam, yaushe za mu zo ɗaukar irinmu?" Na ce ta tambayi ofis. Ta sa min albarka.
Rikodin kwana goma sha huɗun nan kafin a ji warin, babu shi. Irin waken soya buhu ɗari biyu da sittin, na mata arba'in da ɗaya, ba zai tsira ba.